Granville Sharp (1735–1813): Akawun da Ya Kafa wa Mafayyacin Girkanci Doka

Sunan Granville Sharp yana fitowa a fagage biyu da ba su cika haɗuwa ba. Masu nazarin tarihin bauta sun san shi ta shari'ar James Somerset ta 1772 da kuma kafuwar Saliyo. Masu koyon Girkancin Sabon Alkawari kuwa suna cin karo da shi a babin mafayyaci, inda wata doka ta nahawu take ɗauke da sunansa har yau. Mutum ɗaya ne, kuma bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Girkanci da Ibrananci da dokokin Ingila duk shi ya koya wa kansa, galibi da dare bayan an tashi daga aiki, kuma kowane ɗaya gardama ce ta tura shi koyonsa.

An haife shi ranar 10 ga Nuwamba 1735 a Durham, a arewacin Ingila, cikin gidan malaman coci. Kakansa John Sharp ya riƙe muƙamin babban bishop na York, mahaifinsa Thomas Sharp kuma babban jami'in coci ne a yankin Northumberland. Sai dai gidan na da ƴaƴa da yawa, kuma kafin a zo kan Granville kuɗin da aka tanada don karatu yayyensa sun kusa cinye su. Saboda haka yana ɗan shekara 15 aka tura shi Landan koyon sana'a a wurin wani mai sayar da yadi.

A shagon yadin ne harshe ya shiga rayuwarsa. Cikin abokan zamansa akwai wani mai bin koyarwar Fausto Sozzini, malamin nan ɗan Italiya da ya rasu a Polan a 1604, wanda mabiyansa ba su yarda da allahntakar Almasihu ba. Duk sa'ad da Sharp ya kawo aya daga fassarar Ingilishi ta Sarki James ta 1611, abokin nasa sai ya kare kansa da cewa asalin Girkancin ba haka ya nuna ba. Ba yadda za a yi musu da mai wannan hujja sai an san Girkanci, don haka Sharp ya duƙufa. Daga baya irin wannan ta faru tsakaninsa da wani Bayahude a kan annabce-annabcen Tsohon Alkawari, ya sake duƙufa a kan Ibrananci. Ya kamata a riƙe wannan mafari, domin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: Sharp ya shiga nahawu ne da tambayar aƙida a hannunsa, kuma ƙarfin aikinsa da rauninsa duk daga nan suka samo tushe.

A 1758 ya samu aikin akawu a ma'aikatar da ke kula da makaman gwamnati. Aikin ba mai albashi mai yawa ba ne, amma ya bar masa sararin karatu. Ƙasidarsa ta farko, a 1765, martani ce ga Benjamin Kennicott, shahararren masanin Ibrananci na Oxford, a kan wasu sunaye da lambobi cikin littattafan Ezra da Nehemiya. A 1767 kuma ya fitar da ɗan littafi a kan furucin Ingilishi domin sauƙaƙa wa baƙi karatu. Gidansu gidan makaɗa ne. Shi da ƴan'uwansa sukan yi wasa a cikin jirgin ruwa a kogin Thames, shi yana busa sarewa biyu a lokaci guda. Yakan sa hannu a wasu wasiƙunsa da harafin G da alamar kiɗan nan da Faransawa ke kira dièse, domin a Ingilishi sunan alamar da sunan gidansu ɗaya ne.

A shekarar 1765 ɗin ce ya ga wani saurayi baƙar fata a layin marasa lafiya a ƙofar ɗan'uwansa William, likitan tiyata da ke duba talakawa kyauta. Sunan saurayin Jonathan Strong. Ubangidansa, David Lisle, ya zo da shi daga Barbados, ya yi masa duka da gindin bindiga har ya kusa makancewa, sannan ya yar da shi a titi. Ƴan'uwan biyu suka kai shi asibiti, ya yi wata huɗu yana jinya, suka samar masa aiki. Bayan shekara biyu Lisle ya gan shi ya warke, ya sa aka kama shi, ya sayar da shi ga wani mai gonaki a Jamaika mai suna James Kerr a kan fam 30. Sharp ya kai maganar gaban magajin garin Landan, aka saki Strong, sai Kerr ya maka Sharp a kotu bisa zargin ya raba shi da dukiyarsa. Lauyoyin da Sharp ya tuntuɓa suka gaya masa ba shi da nasara, domin akwai wani ra'ayi na manyan lauyoyin gwamnati biyu, Yorke da Talbot, tun 1729, da ke cewa shigowar bawa Ingila ba ta ƴanta shi.

Sharp ya yi wa doka abin da ya yi wa Girkanci. Kusan shekara biyu ya yi yana bin littattafan shari'a kalma bayan kalma, yana duba ko kalmomin da dokokin Ingila suka yi amfani da su ga talakawan sarki sun ware wani jinsi. Sakamakon ya fito littafi a 1769, wanda ake lissafa shi cikin manyan rubuce-rubuce na farko a Ingila da suka ƙalubalanci bauta. Lauyoyin Kerr ba su ci gaba da ƙarar ba. Strong kuwa bai daɗe ba, ya rasu a 1773 yana da kimanin shekara 25.

Shari'ar da ta ɗaukaka sunansa ita ce ta James Somerset, bawan da Charles Stewart ya kawo Ingila a 1769, ya gudu a 1771, aka kama shi aka ɗaure cikin jirgin da zai tafi Jamaika. Sharp ne ya tsaya bayan lauyoyinsa. Ranar 22 ga Yuni 1772 babban alƙali Lord Mansfield ya yanke hukuncin a saki Somerset. Hukuncin kansa ya zama nassi mai harshen damo: a ƙunƙuntacciyar ma'anarsa ya hana ubangida fitar da bawa daga Ingila da ƙarfi ne kawai, amma jama'a da bayin kansu suka karanta shi a matsayin ƙarshen bauta a ƙasar. Masana tarihi suna tattauna iyakarsa har yanzu.

Da yaƙin ƴancin Amurka ya ɓarke a 1775, Sharp ya ga ba zai iya ci gaba da rubuta takardun makaman da za a harbi mutanen da yake ganin suna da gaskiya ba. Ya ɗauki dogon hutu, daga baya ya ajiye aikin ɗungum, ƴan'uwansa suka ɗauki nauyinsa. Cikin wannan sarari ne, a 1778, ya rubuta wa wani abokinsa doguwar wasiƙa a kan yadda mafayyaci ke aiki a Girkancin Sabon Alkawari. Wasiƙar ta yi shekara ashirin kafin ta fito littafi a 1798, ta hannun Thomas Burgess, malamin coci kuma masanin Girkanci.

Matsalar da ya tunkara sananniya ce ga duk wanda ya yi nazarin ginin jimla. Idan mahaɗi ya haɗa sunaye biyu, yaya mai sauraro zai gane ko mutum biyu ake nufi ko mutum ɗaya mai siffa biyu? Hausa ta raba aikin tsakanin kalmomi biyu. Wanda ya ce an gayyato shugaban sashe da mai kula da ɗakin karatu, kujera biyu za a ajiye. Wanda ya ce an gayyato shugaban sashe kuma mai kula da ɗakin karatu, kujera ɗaya ta isa. Faransanci yana da mahaɗi ɗaya, et, don haka ya ɗora nauyin a kan mafayyaci: le directeur et le fondateur mutum biyu ne, le directeur et fondateur mutum ɗaya. Malaman nahawun Larabci ma sun daɗe da wannan tattaunawa a kan wawun aɗafi, ko haɗawa tana wajabta bambanci tsakanin abubuwan da aka haɗa, ko kuwa ana iya jera siffofin abu ɗaya da ita. Girkanci ya fi kama da Faransanci: mahaɗinsa kai ne, mafayyacinsa kuma yana zuwa kafin suna, yana sauya siga bisa jinsi da adadi da li'irabi. Latinanci ba shi da mafayyaci sam, shi ya sa fassarar Jerome, wadda Turai ta yi ƙarnoni tana karantawa, ba ta iya nuna wannan bambanci ba.

Sharp ya tsara dokoki shida, amma ta farko ce ta rayu. Ma'anarta ita ce: idan kai ya haɗa sunaye biyu masu li'irabi ɗaya, waɗanda ke siffanta mutum ta fuskar muƙami ko daraja ko dangantaka ko hali, mafayyaci ya zo kafin na farko ba a maimaita shi kafin na biyu ba, to na biyun ƙarin bayani ne a kan mutumin da na farko ya ambata. Ya kuma gindaya sharuɗɗa: dole sunayen su zama tilo, kada su zama jam'i, dole su shafi mutum, kada su zama sunayen abubuwa ko ra'ayoyi, kuma kada ɗayansu ya zama sunan yanka. Waɗannan sharuɗɗa su ne ƙashin bayan dokar, kuma su ne abin da aka fi mantawa. Littattafan koyarwa da yawa sun riƙa kawo dokar ba tare da su ba, sai ɗalibi ya tarar da Farisiyawa da Sadukiyawa ƙarƙashin mafayyaci ɗaya ya ɗauka ya rushe ta, alhali jam'i ne, kuma Sharp ya fitar da jam'i tun farko.

Dalilin sharaɗin sunan yanka a fili yake. Sunan yanka ya riga ya tantance mai shi, ba ya bukatar mafayyaci, don haka rashinsa ba ya nuna komai. Bitrus da Yahaya mutum biyu ne ko da mafayyaci ɗaya ya rufe su.

Abin da Sharp yake nema da dokar ba ɓoyayye ba ne, domin ya bayyana shi tun a taken littafin. A lokacin, masu musun Triniti suna ƙara ƙarfi a Ingila: Theophilus Lindsey ya buɗe majami'arsu a Landan a 1774, Joseph Priestley, masanin kimiyyar nan, yana rubuta musu littattafai. Sharp ya kawo ayoyi takwas da yake ganin fassarar 1611 ta raba abin da Girkanci ya haɗa, wato ta mai da suna biyu na Almasihu suka zama Allah a gefe guda da Almasihu a gefe guda. Ayoyin suna cikin Ayyukan Manzanni 20:28, Afisawa 5:5, Tasalonikawa ta biyu 1:12, Timoti ta fari 5:21, Timoti ta biyu 4:1, Titus 2:13, Bitrus ta biyu 1:1 da Yahuza aya ta 4.

Shida daga cikinsu ba su jure bincike ba, kuma da makamin Sharp ɗin aka kayar da su. Wasu sun dogara ne a kan karatun wasu kwafe-kwafen hannu wanda binciken matani na baya bai karɓa ba. Wasu kuma suna ɗauke da Almasihu ko Ubangiji Yesu Almasihu, waɗanda a wasiƙun Bulus suka riga suka zama kamar sunan yanka, sharaɗin da shi da kansa ya gindaya ya fitar da su. Son hujja ya sa ya tsallake shingen da ya kafa. Saura biyu, Titus 2:13 da Bitrus ta biyu 1:1, su ne aka yi ƙarni biyu ana ja-in-ja a kansu.

Ayar Titus tana magana ne a kan begen da masu bi suke jira, wato bayyanar wata ɗaukaka. Tambayar ita ce ɗaukakar wa. Abin da ya biyo baya a Girkanci jeri ne cikin li'irabin mallaka: mafayyaci ɗaya, sifa mai ma'anar girma, kalmar theos wato Allah, mahaɗin kai, kalmar soter wato mai ceto, wakilin suna mai nufin namu, sannan sunan Yesu Almasihu. Sunaye biyu ne tilo, duka na mutum, mafayyaci ɗaya ya rufe su. Bisa dokar Sharp, Allah mai girma da Mai Ceto a nan ɗaya ne, sunan da ya biyo baya kuma shi ne ya faɗi ko wane ne. Bisa ɗaya karatun kuwa biyu ne: Uba, sannan Almasihu.

Littafin ya tayar da ƙura. A 1802 Christopher Wordsworth na Cambridge, ƙanen mawaƙin nan William Wordsworth, ya bi rubuce-rubucen malaman coci na farko waɗanda Girkanci ne harshensu, don ya ga yadda suka fahimci ayoyin. Dabarar tana da kyau a idon mai nazarin harshe, domin daidai take da komawa ga masu harshen uwa. Ya tarar sun karanta ayar Titus a matsayin mutum ɗaya. A 1803 wani mai musun Triniti ya mayar da martani da sunan aro, Gregory Blunt. Sunan Sharp a Ingilishi yana nufin mai kaifi, na aron kuma dakusasshe, kuma barkwancin ya fi hujjar da ke cikin littafin ƙarfi. Martani mai nauyi ya zo ne a 1805 daga Calvin Winstanley, wanda shi kansa mai imani da Triniti ne. Winstanley ya amince cewa a cikin Sabon Alkawari bai samu misalin da ya karya dokar ba, amma ya fita waje ya samo. A fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari, Karin Magana 24:21 ta haɗa Allah da sarki ƙarƙashin mafayyaci ɗaya, kuma ba wanda zai ce ɗaya ne. A wurin Herodotus, inda yake bayanin jana'izar sarakunan Sikitiyawa, an jera mai shayarwa da mai dafuwa da mai kula da dawakai da wasu barori da mafayyaci ɗaya tak. Hujjarsa ita ce, inda duk mai karatu ya riga ya san mutanen daban ne, marubuci yakan bar mafayyaci na biyu ba tare da tsoron ruɗani ba; to me zai hana haka ta kasance ga Uba da Ɗa?

An ba shi amsoshi. Ayar Karin Magana fassara ce da ke bin sawun Ibrananci, jerin Herodotus kuma ya wuce suna biyu. Thomas Middleton, wanda daga baya ya zama bishop na farko a Kalkata, ya fitar da babban littafi a kan mafayyacin Girkanci a 1808 ya goyi bayan Sharp. Duk da haka tambayar Winstanley ba ta mutu ba, domin ta taɓa wani abu da kimiyyar harshe ta yanzu ta ɗauka da muhimmanci: abin da mai magana da mai sauraro suka riga suka sani tare yana iya sauke wa nahawu wani nauyi. Akwai kuma wata tambaya a ƙarƙashinta, ko theos sunan yanka ne. A Girkanci kalmar tana da jam'i, ana kuma amfani da ita ga gumakan al'ummai, wanda ya sa ta fi kama da gama-garin suna. Amma a bakin marubuci mai kaɗaita Allah tana dab da zama suna. Mai jin Hausa zai gane wannan tsaka-mai-wuya idan ya kwatanta Allah da alloli.

Wanda ya fi rage wa dokar kasuwa a ƙarni na 19 shi ne Bajamushe Georg Benedikt Winer, mai nahawun Girkancin Sabon Alkawari da ya fara fitowa a 1822 ya zama abin dogaro a jami'o'i. Winer bai ce nahawu ya hana karatun mutum ɗaya ba. Ya nuna cewa wakilin sunan mallaka da ke bin soter ya isa ya tantance shi ba tare da mafayyaci ba, sannan ya bayyana cewa abin da ya karkatar da shi zuwa karatun mutum biyu shi ne fahimtarsa ta koyarwar Bulus, wanda a ganinsa ba zai kira Almasihu Allah mai girma ba. Ana yaba masa da bai ɓoye dalilinsa ba. Amma dalilin na aƙidar marubuci ne, kuma ya zo daga masanin nahawu, sai mutane da yawa suka karɓe shi kamar hukuncin nahawu.

A nan ne muhallin magana ya shigo, kuma bai tsaya gefe ɗaya ba. Masu karatun mutum ɗaya suna nuna cewa aya ta 14 ta ci gaba da wakilin suna tilo, tana magana a kan wanda ya ba da kansa. Cewa kalmar epifaneia, wato bayyana, a wasiƙun Timoti da Titus ga Almasihu ake danganta ta. Da kuma cewa haɗin theos da soter tsayayyen laƙabi ne a duniyar masu jin Girkanci, wanda ake yi wa sarki ɗaya kirari da shi, kamar yadda rubutun dutse na Afisa ya yi wa Yuliyas Kaisar. Wannan hujja ta ƙarshe ba ta hannun Sharp, rubuce-rubucen dutse da takardun papirus da aka nazarta bayansa ne suka ƙarfafa ta. Masu karatun mutum biyu kuma suna nuna cewa wasiƙar Titus ɗin tana kiran Allah Mai Ceto a 1:3 da 2:10 da 3:4, tana kiran Almasihu haka a 1:4 da 3:6, tana ambaton su a jere a matsayin biyu. Har wa yau akwai karatu na uku, wanda ya fi ba mai nazarin ginin jimla sha'awa: a yarda da Sharp cewa Allah da Mai Ceto ɗaya ne, amma a ce Uba ne, sannan sunan Yesu Almasihu ya koma ya fassara kalmar ɗaukaka da ke can baya. Wannan karatu ya bi dokar sau da ƙafa, kuma ya kai ga akasin abin da mai dokar ya so. Dokar tana iya cewa sunaye biyun na mutum ɗaya ne. Ba ta da ta cewa a kan inda suna na uku ya rataya.

Ayar Bitrus ta fi sauƙi. Gini iri ɗaya ya sake fitowa a wasiƙar, a 1:11, kalma bayan kalma, sai dai Ubangiji ya maye gurbin Allah, kuma ba mai karanta wannan a matsayin mutum biyu. Mai son raba 1:1 sai ya bayyana dalilin da zai sa marubuci ɗaya, a babi ɗaya, ya yi nufin abu biyu da siga ɗaya. Abin da yake da shi shi ne aya ta 2, wadda ta ambaci Allah da Yesu daban, da kuma kundin Sina'i na ƙarni na 4, wanda Tischendorf ya fito da shi bayan rasuwar Sharp, inda aka rubuta Ubangiji a 1:1 maimakon Allah. Duk wannan bincike ne a kan abin da marubucin wasiƙa ya nufa da jimlarsa. Gaskiyar aƙidar ko rashinta wani fage ne da mafayyaci ba ya shiga.

Masu fassara ba su da damar yin shiru. Gyararriyar fassarar Ingilishi ta 1881 ta sa karatun mutum ɗaya a cikin matani, ta ajiye ɗayan a gefen shafi. Fassarar Faransanci ta Louis Segond, bugun 1910, ta raba sunayen biyu a ayoyin duka. Mai fassara zuwa Hausa ya fi su shiga matsi, domin da zarar ya zaɓi da ko kuma ya riga ya yanke hukunci. Harshen bai ba shi sigar da za ta riƙe ma'anonin biyu tare ba.

Shekarun da wasiƙar ta yi a ajiye ba na hutu ba ne. A watan Maris 1783 Olaudah Equiano ya kawo masa labarin jirgin Zong, wanda ma'aikatansa suka jefa bayi fiye da 130 cikin teku a 1781, masu jirgin kuma suka nemi kamfanin inshora ya biya su hasarar kaya. Sharp ya yi ta rubuta wa hukumomi a tuhumi ma'aikatan da kisan kai. Ba a tuhumi kowa ba. Ranar 22 ga Mayu 1787 mutum goma sha biyu, ciki har da Thomas Clarkson, suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi, Sharp ne shugabanta, ko da yake shi ya so a sa bautar kanta a gaba, sauran suka ga a fara da cinikin. A shekarar ce kuma jiragen ruwa suka sauke kimanin mutum 400, yawancinsu baƙaƙen fata matalauta daga Landan, a gaɓar Saliyo, a wani matsuguni da aka sa wa suna Granville Town. Sharp, wanda bai taɓa taka Afirka ba, ya tsara musu tsarin mulki da ya kwaikwayo daga tsohuwar Ingila ta zamanin Saksawa. Damina da zazzaɓi suka kashe da yawa, a 1789 kuma wani sarkin Temne da Turawa ke kira King Jimmy ya ƙone garin. Sai a 1792 aka kafa Freetown da baƙaƙen fata kusan 1,200 da suka zo daga Nova Scotia.

Bayan dokar hana cinikin bayi ta 1807, Freetown ta zama inda ake sauke mutanen da aka ƙwato daga jiragen fatake, daga kowane lungu na Afirka ta Yamma, har da Hausawa da Barebari. Taron harsunan nan ne ya ba Sigismund Koelle damar tattara Polyglotta Africana da nahawun Barbarci a 1854, kuma a Saliyo ne James Frederick Schön ya zauna kafin ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843. Nahawunsa na Hausa na 1862 ya ci moriyar Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya kai Turai. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda Sharp ya shugabanci taron kafa ta a 1804, ita ce ta buga cikakkiyar fassarar Hausa a 1932.

Tsufansa bai zo da sanyin ra'ayi ba. Ya ci gaba da rubutu a kan nahawun Ibrananci, musamman wawun da ke juya lokacin aikatau. Ya kuma nutse cikin fassarar annabcin Daniyel da Wahayin Yahaya, har ya nemi ya gamsar da ɗan siyasa Charles James Fox cewa Napoleon ne ƙaramin ƙahon da Daniyel ya gani. Mutumin da ya gindaya wa mafayyaci sharuɗɗa uku bai gindaya wa wannan karatu ko ɗaya ba. Wanda ya ba da rayuwarsa ga ƴancin bayi kuma, a shekararsa ta ƙarshe ya shugabanci wata ƙungiya mai adawa da ba Katolika cikakken ƴancin siyasa a Ingila.

Bai taɓa aure ba. Ya rasu ranar 6 ga Yuli 1813 a Fulham, a gidan matar marigayi ɗan'uwansa William, yana da shekara 77, aka binne shi a harabar cocin All Saints da ke garin, aka kuma kafa masa allon tunawa a Westminster Abbey. A shekarar ce majalisar dokokin Birtaniya ta soke hukuncin da ke kan masu musun Triniti. Dokarsa kuwa ta sake samun mai bincike a ƙarshen ƙarni na 20, sa'ad da Ba'amurke Daniel Wallace ya bi ginin a cikin Sabon Alkawari da adabin Girkanci da takardun papirus, ya fitar da littafi a kanta a 2009, inda ya ƙarfafa ta bisa sharuɗɗanta na asali, ya kuma tsaya a kan ayoyi biyu daga cikin takwas ɗin da Sharp ya kawo.